Mai zanen da ya nuna Kano da Sakkwato alhali bai taɓa taka su ba

Duk wanda ya saba buɗe littattafan tarihin ƙasar Hausa, da wuya bai ci karo da wani tsohon hoto na birnin Kano ba, wanda aka hango daga saman Dala: soraye da bukkoki, dabino tsaye nan da can, ga fili fetal a cikin ganuwa. Akan ce aikin Heinrich Barth ne, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851. Maganar da gyara. Barth ya zayyana abin da ya gani a takarda, amma wanda ya mayar da zayyanar cikakken hoto mai launi wani ne daban, Johann Martin Bernatz, mutumin da ko sau ɗaya bai sha ruwan ƙasar Hausa ba.

An haifi Bernatz a garin Speyer na Jamus a 1802, ya yi karatun zane a Biyana, ya zauna a Munich har ya rasu a 1878. Sana'arsa zanen ƙasa: tudu da kwari, itatuwa da gine-gine, kamar yadda ido ya gan su. Kuma ba mai zaman ɗaki ba ne. A 1836 ya bi wani malami mai suna Schubert zuwa Masar da Falasɗinu, sannan a 1841 ya shiga tawagar Manjo Harris da Ingila ta tura masarautar Shewa ta ƙasar Habasha, inda ya tara hotunan da aka buga a 1852. Da Barth ya koma gida a 1855, wannan gogayyar ce ta sa aikin ya dace da Bernatz. Littafin tafiyar Barth ya fito cikin mujalladi biyar tsakanin 1857 da 1858, ɗauke da hotunan Kano, da kasuwar Sakkwato, da shigar ayari Tambutu.

Mai hankali zai tambaya: yaya za a gaskata shaidar wanda bai gani ba? Tambayar tana da ƙarfi, domin hoton da ya bi ta hannu biyu yana iya samun ƙari ko ragi, kuma masu zanen Turai na wancan zamani sun san abin da ke burge mai saye, raƙumi da dabino da rawani. Sai dai akwai abin aunawa. Barth yana raye aka buga littafin da sunansa, ya kuma bayyana a rubuce abin da ya gani a Kano, har da kududdufai da bishiyar gwanda, ga Dala nan kuma ba ta gusa ba. Bernatz ya riga ya san ginin laka da zafin hasken rana irin namu tun a Masar da Habasha. Saboda haka a riƙi hotunansa yadda ake riƙon ruwaya mai kyakkyawan isnadi: a karɓa, a gwada da sauran hujjoji.

Abin da ya shafi mutumin Jabo ta yankin Tambuwal a nan shi ne kusanci. A 1853 Barth ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya bar Sakkwato ya sauka Gwandu a zamanin Sarki Halilu, wato maƙwabtan Tambuwal. Amma a nemi hoton yadda garuruwanmu suke a lokacin, ko ma shekara sittin da suka wuce, sai a sha wahala. Kwano ya kori jinka, bulo ya kori tubali, rumbunan laka suna raguwa, kuka da gawo suna faɗuwa ba a dasa wasu. Za a ce ai yanzu kowa da waya a aljihu. Haka ne, amma waya ba ta ɗaukar abin da ya riga ya rushe. Mai zane kuwa yana iya zama gaban dattijo ya ji inda ƙofar gari take, da tsayin ganuwa, da itacen da ke bakin rijiya, ya zana, ya kawo a gyara masa. Irin aikin da Bernatz ya yi da takardun Barth ke nan.

Saura batun addini, wanda shi ke sa iyaye da yawa ƙwace fensir daga hannun yaro. Saɓanin malamai a kan surar abu mai rai yake. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai yin hotuna ya koma zanen itatuwa da abin da ba shi da rai. Fadama da gona da soro duk suna cikin wannan.

Wurin koyo ma ba nesa yake ba, don tun 1955 ake koyar da zane a Zariya, a makarantar da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman firamare da sakandare na Jabo da Tambuwal da Kebbe, in kun ga yaro mai hannun zane, ku tura shi wurin tsofaffin unguwarsu da takarda tun suna da rai.