Me Ake Koyarwa a Sashen Kimiyyar Siyasa?

Idan yaro ya ce wa iyayensa ya samu gurbin karatun kimiyyar siyasa a jami'a, tambayar da ke biyo baya kusan ɗaya ce: "To, kansila za ka fito ko ciyaman?" Mutane da dama sun ɗauka a can ake koyon yaƙin neman zaɓe da iya zuba a gaban taro. Ɗalibin kuwa yakan gama shekara huɗu babu wanda ya koya masa yadda ake cin akwati ko ɗaya. Aikin da ake ba shi na bin diddigi ne: wa ke riƙe da iko, ta yaya ya same shi, wa zai iya taka masa burki, kuma me ya sa talaka ke yi masa biyayya ko da ba ya ƙaunarsa.

A cikin kimiyyar siyasa, ɓangaren hulɗar ƙasa da ƙasa ya fi ƙuruciya. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kafa kujerar farfesa ta farko a wannan fanni a Aberystwyth da ke yankin Wales na Birtaniya, da fatan idan aka gane abin da ke haddasa yaƙi za a iya kauce masa. Shekara ashirin bayan nan aka gwabza wanda ya fi shi muni, amma fannin bai mutu ba. A Najeriya an kafa Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje a Legas a 1961, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta buɗe a Zariya a 1962.

Tun daga wancan zamani dangantakar malaman fannin da gwamnati ba ta tsaya wuri guda ba. Ibrahim Gambari, wanda ya koyar a Zariya, ya zama ministan harkokin waje a 1984, daga baya ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Bolaji Akinyemi, wanda ya koyar a Ibadan, shi ya gaje shi a 1985. Attahiru Jega na Jami'ar Bayero ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, daga 1988 zuwa 1994, lokacin da gwamnatin soja ta haramta ta. Shi ne kuma aka damƙa wa hukumar zaɓe a 2010, ya jagoranci zaɓen 2015 da shugaba mai ci ya sha kaye. Amma a 1988 gwamnatin Babangida ta kori Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a Zariya, daga ƙasar baki ɗaya. A wancan lokacin zargin da ake yi wa malamai irinsa shi ne suna koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. Gwamnati na son ilimin nan idan zai zauna mata a ofis, ba ta sonsa idan ya tsaya a gaban ɗalibai.

A cikin aji, ɗan shekarar farko yakan fara da Aflatun da Aristotal, ya gangaro kan Makiyabeli, Hobs, Lok da Karl Maks. Daga nan sai tsarin mulki, gudanar da aikin gwamnati, kwatanta tsarin ƙasashe, da dabarun bincike, darasin da ɗalibai suka fi gudu saboda lissafin da ke ciki.

Inda manhajar ke da rauni shi ne wajen kayan gida. Tun a ƙarni na goma sha biyar Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan abin da ya wajaba a kan masu mulki. Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar Diya'ul Hukkam, Shehu Usmanu ya bar Kitabul Farƙ. Wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Al-Kanemi na Borno muhawara ce cikakkiya kan yaushe yaƙi da maƙwabci ya halatta, tambayar da littattafan Turai ke cika shafuka a kanta. Duk da haka ɗalibi na iya zayyano ra'ayin Hobs tsaf, a tambaye shi hujjar da Al-Kanemi ya kafa ya yi zuru. Malaman da ke haɗa biyun sun fi ba ɗalibansu abin tafiya da shi.

Kuma ba sai an je nesa neman misali ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Ɗalibin da gidansu ke Jibiya ko Illela ya ga manyan motoci jere a bakin boda, kaya na lalacewa, 'yan'uwa a Maraɗi da Ƙonni sun gagara zuwa. Malami mai basira zai tashe shi ya ba aji labari, sannan a buɗe littafi a duba ko takunkumi na durƙusar da masu mulki ko talaka kawai yake ci. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar.

Sai dai irin wannan darasi na buƙatar aji mai sararin gardama. Ɗakin lacca da ɗaruruwa suka cika, wasu a kan taga, malami na magana da lasifika, ba ya ba da wannan dama. Hadda ce ke maye gurbin tunani. Yajin aiki ma na yanke zaren karatu: na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Aiki fa? Kaɗan ne ke samun ma'aikatar harkokin waje. Mafi yawa suna ƙarewa a aikin gwamnati, jarida, koyarwa, ƙungiyoyi masu zaman kansu da sa ido kan zaɓe. Wanda ke zaune a Kano kuma yake son ɗanɗana fannin ba tare da ya nemi gurbi ba, ya leƙa Gidan Mambayya a Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu Kano, inda Jami'ar Bayero ke da cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da ke shirya laccoci ga jama'a.