Abin da warin hayaƙin salansa ke nunawa game da lafiyar mota

Motar da injinta ke ƙona mai yadda ya kamata, hayaƙinta ba ya ɗaukar hankalin kowa. Da zarar ta yi zafi, kusan ba a ganin komai a bakin salansa, ba a kuma jin wari mai ƙarfi. Idan hanci ya fara jin abin da bai saba ji ba, to akwai abin da ya sauya a ciki, kuma sau da yawa warin yakan riga fitilar gargaɗi bayyana.

Wanda aka fi cin karo da shi shi ne warin ɗanyen fetur, wani lokaci tare da baƙin hayaƙi. Injin fetur na buƙatar iska kimanin kashi 14.7 ga kowane kashi 1 na mai, bisa nauyi. Idan man ya rinjayi iskar, ragowar da ba ta ƙone ba sai ta bi salansa ta fice. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana haddasa haka, haka ma fulogin da ya gaji, ko nozul mai zuba, ko sensar da ke auna iskar hayaƙi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan wari ya zama asarar da aljihu ke ji kowace rana. Matatar iska da fulogi su ne masu arha, don haka da su ya kamata a fara.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya fi buƙatar bayani, domin a nan ne masu motoci suka fi tafka asara. Fetur na ɗauke da sinadarin salfa. A jikin bututun salansa akwai wata na'ura mai kama da saƙar zuma, wadda kanikawa ke kira indomi, aikinta sauya iskar guba zuwa wadda ba ta kai ta illa ba. Idan ta gaza, ko fetur ya yi mata yawa, sai warin salfa ya fito. Idan ta toshe kuma, mota kan rasa ƙarfi a hawa. Idan ta farfashe, a riƙa jin ƙara kamar tsakuwa a gwangwani.

Shawarar da ake yawan bayarwa a gareji ita ce a fasa a zubar da ita. Abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba shi ne, indomi na ɗauke da ƙarafa masu daraja, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu sayenta da tsada. Cire ta ba gyara ba ne. Da wuya ta mutu haka kawai. Galibi ɗanyen fetur ko baƙin mai ne ke isa gare ta su ƙona ta. Wanda ya sayi wata a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ko Apo bai gyara tushen ba, ita ma haka za ta ƙare. Kafin a ɗora mata laifi ma, yana da kyau a buɗe bonet, domin batirin da caji ya yi wa yawa shi ma irin wannan wari yake yi.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin mai yana nuna baƙin mai na shiga inda fetur ke ƙonewa. Idan da safe kaɗai yake fitowa ya ɗauke, yawanci robobin bawul ne; idan yana ƙaruwa da taka totur, ana zargin ringin fistin.

Farin tururin asuba lokacin sanyi ba komai ba ne. Amma farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto na raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, alama ce ta gasket ɗin kan inji ya ƙone. Ruwan sanyaya inji na kanti yana ba da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, sai dai masu zuba ruwan famfo zalla, waɗanda su ne da yawa, ba za su ji shi ba. Ci gaba da tuƙi a haka kan kai ga sauke inji.

Mafi haɗari shi ne jin hayaƙi a cikin mota. Hakan na nufin bututu ya huje ko mahaɗa ta saki, kuma tare da warin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ita kanta ba ta da wari ko launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, tana kuma kisa, musamman ga mai barci a mota inji na aiki, gilasai a rufe. Direban da ya ji haka ya sauke gilasai, ya tsaya a fili, ya kashe inji, a fitar da yara tukuna.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da mahaɗar da ake jona na'urar bincike ta kwamfuta. Lamba P0420 na nuna indomi ba ta aiki sosai, amma sensa ko hujin bututu ma kan jawo ta, don haka a duba su kafin a taɓa ta. Idan kuwa an canza indomin, mai mota ya nemi a ba shi tsohuwar a hannunsa.