Mai zanen alluna

A Maraɗi akwai masu zane da ke zaman kansu. Ba su da albashin wata. In aiki ya zo su samu, in bai zo ba su haƙura.

Mai shago a babbar kasuwa yana son allo. Masu lambu na Jiratawa suna son tambari bisa ledar zogale. Daga Tsibiri ana zuwa neman katin ɗaurin aure. Mai zane yakan karɓi kafin alƙalami, ya sayi fenti. Yau da kwamfuta yake fara tsara aikin.

Harafi guda yana iya jawo mashi hasara. In ya mance lanƙwasar ƙ, "masaukin baƙi" ya koma "masaukin baki". Sai ya sake allon da kuɗinsa.