Ranar Waliyyi Patrick: Abin Da Ya Haɗa Kafanchan Da Ƙasar Ailan

Duk ɗan Kudancin Kaduna da ke neman abinci a nan Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, idan ya ƙidaya 'yan garinsu da wuya ya rasa mai suna Patrick, ko Patricia, ko Bridget. Da yawa sun ɗauka sunayen Turawan Ingila ne, kamar su George da Edward. To, ba haka ba ne. Waɗanda suka yaɗa su a wajenmu mutanen wani tsibiri ne da ke yamma da Ingila, ana kiransa Ailan, kuma idan kana son ka ga ɓacin ran mutumin wannan ƙasa, to, ka ce masa Bature ɗan Ingila.

Ranar 17 ga watan Maris na kowace shekara, lokacin da zafi ya tsananta kuma manoman citta suke duban gabas suna jiran ruwan farko, 'yan Katolika na Kafanchan da Zonkwa da Kachia da sauran garuruwa sukan je coci domin tunawa da Waliyyi Patrick. Tun 1961 aka sa shi cikin waliyyan da Ikilisiyar Katolika ta danƙa wa ƙasar nan. Sujada ce kurum, ba taron siyasa ba, kuma da yake takan faɗo cikin kwanakin azumin Kirista, ba a cika shagali ba sai dai a majami'u da makarantun da ke amsa sunansa. Amma a can Ailan wannan ita ce babbar ranar ƙasa, ranar da kowa kan sa koren tufafi ya maƙala wani ɗan ganye mai kunnuwa uku a ƙirji, ya nuna shi ɗan ƙasa ne.

Shi Patrick ɗin ma ba ɗan Ailan ba ne. A ƙasar Birtaniya aka haife shi, mahara suka kama shi yana ɗan shekara 16 suka kai shi Ailan, ya yi shekara shida yana bauta yana kiwo, ya gudu, sa'an nan daga baya ya koma wa mutanen da suka bautar da shi da wa'azi. Wannan a ƙarni na biyar ke nan. Wanda ya san tarihin harin bayi a gindin duwatsun Kagoro ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan abin da ya sa labarin nan ya shiga zukatan mutanen yankin.

Jirgin ƙasa ne ya buɗe wa fada-fada hanya. Zuwa 1927 dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haɗe da Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos, sai Kafanchan ta zama magama. Ma'aikatan reluwe daga Kudu suka cika garin, da yawansu 'yan Katolika, fada kuwa ya biyo garkensa. Ƙungiyar SMA ta riga ta kafa sansani a Shendam tun 1907, a hannun fada-fada masu jin Faransanci. A 1934 aka raba aikin gida biyu, Kaduna da Jos, kuma 'yan Ailan ne suka riƙe ragamar duka biyun. Sun tarar da 'yan mishan na SIM sun riga su zama a Kwoi da Kagoro, saboda haka aka shiga tsere, kowa yana neman ƙauyen da zai kafa makaranta kafin ɗan'uwansa.

Matan zumunta na Waliyyi Louis, waɗanda muke kira sistoci, sun sauka Kano a 1948 daga garin Monaghan, daga baya suka kafa asibiti da makarantar ungozoma a Zonkwa. Tsofaffin mata da yawa a ƙasar Bajju da Atyap a can suka haihu. Makarantar St. Mary's ta Fadan Kaje da Kwalejin St. John's ta Kaduna su ne suka yaye marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, wanda a 2010 ya zama mutumin Kudancin Kaduna na farko da ya hau kujerar gwamnan jihar, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa cikin Disamban 2012. Ka ga sunan ya kai har gidan gwamnati.

To, wai me waɗannan Turawa suka baro a gida?

Abin da ɗaliban nasu da yawa ba su sani ba shi ne, malaman nan da ke tafe cikin farar riga a kan keke ko babur, su ma 'ya'yan ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka ne, kuma wanda ya mallake su shi ne dai wanda ya aiko mana Razdan da Di'o. Ingila ta yi ɗaruruwan shekaru tana danne Ailan. An ƙwace gonaki an ba baƙi, 'yan ƙasa suka koma 'yan haya a kan gadon kakanninsu. Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talaka a can, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu miliyan ɗaya suka yi ƙaura, alhali ana ta fitar da hatsi da shanu daga ƙasar zuwa Ingila. A 1880 manoman lardin Mayo suka haɗa baki suka ƙaurace wa wani wakilin mai gonaki, Kyaftin Boycott, ba mai yi masa aiki, ba mai sayar masa da ko gishiri. Sunansa ne ya zama kalmar ƙauracewa a Turanci, kalmar da Mbonu Ojike na jam'iyyar NCNC ya yi suna da ita a nan Kudu lokacin da yake kiran jama'a su bar kayan Turawa.

Ranar Litinin ta bikin Ista, 24 ga Afrilu 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu 'yan kishin ƙasa suka kame babban gidan waya na birnin Dablin. Wani malamin makaranta, Patrick Pearse, ya tsaya a ƙofa ya karanta takardar shelar kafa jamhuriya. Kwana shida suka yi sojan Ingila suka murƙushe su da manyan bindigogi, kusan mutum 500 suka mutu, yawancinsu farar hula. Da farko mutanen gari ba su goyi bayansu ba, har wasu suka yi musu ature sa'ad da ake wucewa da su. Sai hukuma ta yi abin da ya juya ra'ayin jama'a, ta shiga harbe shugabannin ɗaya bayan ɗaya. James Connolly, da yake raunin da ya ji ya hana shi tsayuwa, a kan kujera aka ɗaure shi aka harbe. Mutum 16 aka kashe, na ƙarshensu Roger Casement, wanda aka rataye a Landan cikin watan Agusta. Wannan Casement kuwa ba baƙonmu ba ne, domin ya yi wa gwamnatin Ingila aiki a Kalaba daga 1892, kuma shi ne ya rubuta rahoton 1904 da ya tona asirin ta'asar da ake yi wa masu tatsar roba a Kwango.

Daga 1919 zuwa 1921 aka yi yaƙin sari-ka-noƙe. Inda ya fi zafi shi ne lardin Cork, kuma a birnin Cork ne hedkwatar fada-fadan SMA na Ailan take. Magajin garin, Terence MacSwiney, ya ƙi cin abinci a kurkukun Ingila har kwana 74, ya mutu cikin Oktoban 1920. Cikin Disamba na shekarar dakarun Ingila suka banka wa tsakiyar birnin wuta. Saboda haka samarin da suka sauka a tashar Kafanchan cikin shekarun 1930 suna yara aka yi wannan a ƙasarsu. Yarjejeniyar Disamban 1921 ta ba larduna 26 mulkin kai, shida na arewa suka zauna ƙarƙashin Ingila, sai kuma 'yan gwagwarmayar suka juya wa juna bindiga a kan ko a karɓa ko a ƙi. A wannan yaƙin basasa aka harbe Michael Collins a 1922.

Yadda suke tunawa da waɗannan abubuwa shi ne ya fi ba ni sha'awa. Gwamnati takan yi nata a gaban gidan wayan nan kowace Lahadin Ista, hafsan soja ya karanta takardar shela, shugaban ƙasa ya ajiye furanni. Amma ƙarfin abin yana ƙauyuka. Kusan duk inda aka yi arangama ko aka kashe wani, akwai ɗan dutse ko gicciye a bakin hanya da sunaye a rubuce, kuma kwamitin mutanen gari ne ke share wurin, su tara kuɗi, su kira mai jawabi, 'yan makaranta su karanta sunayen. Haka ake yi kowane Agusta a kwarin da Collins ya faɗi, haka kuma a Kilmichael kowane Nuwamba. Gabanin cikar abin shekara 100 a 2016, sojoji suka kai tuta da kwafin takardar shelar kowace makarantar firamare a ƙasar.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ba ya da rigima. A Janairun 2020 gwamnati ta shirya taron tunawa da 'yan sandan zamanin Ingila, waɗanda yawancinsu 'yan ƙasa ne, jama'a suka yi ca, dole aka fasa. Shekara ɗari ba ta isa ta warkar da wannan gyambo ba. A lardunan arewa kuwa Katolika da Furotesta sun yi ta kashe juna tun ƙarshen shekarun 1960, fiye da mutum 3,500 suka hallaka kafin yarjejeniyar 1998. Ɗan Kafanchan da ya ga watan Maris na 1987, ko ɗan Zangon Kataf da ya ga 1992, Musulmi ne ko Kirista, ya san yadda maƙwabci kan wayi gari ya zama abokin gaba. Wani abin lura, cikin makon da Dablin ke bikin shekara 100, wato ranar 23 ga Maris 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a kan takardar zaman lafiya ta Kafanchan. Shekarar ba ta ƙare ba aka koma binne gawawwaki.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata a yi wa fada-fadan nan ba tare da son zuciya ba. Harshen kakanninsu Turanci ya kusa kashe shi, har sai da aka kafa ƙungiya a 1893 domin ceto shi, kuma daga cikinta 'yan tawayen 1916 da dama suka fito. Amma da suka zo nan, Hausa suka koya, da ita suka yi wa'azi da katikisma, da Turanci suka koyar a aji. Ba mu ce da mugun nufi suka yi ba, domin mutum ɗaya ba zai iya koyon Jju da Tyap da Hyam da Gworok da Ninzo a lokaci guda ba, Hausa kuwa tana kasuwa tana tasha. Sai dai sakamakon a fili yake. Yau yaro ɗan Bajju da aka haifa a Agege ko Idi-Araba yakan yi addu'a da Hausa, ya yi wasa da Yarabanci ko Turancin buroka, idan ya je gida bikin Kirsimeti kakarsa ta yi masa magana sai ya dubi uwarsa. Haka nan kuma ba su yi wa Di'o tawaye ba. Da izininsa suka buɗe makarantu, kuma sun yi taka-tsantsan da En'e. Abin da suka bayar shi ne takarda da alƙalami, waɗanda suka karɓa su ne suka yi amfani da su wajen neman masarautun kansu, har aka ba Atyap da Bajju nasu a 1995.

A gwamnatance ma zumuncin ya daɗe. Firayim Ministan Ailan, Seán Lemass, da kansa ya zo Ikko bikin 'yancin kai a 1960, kuma ofishin jakadancin da suka buɗe a nan shi ne nasu na farko a Afirka. Amma zamanin fada Bature ya wuce. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. A 1975 Babban Bishop John McCarthy ya bar kujerar Kaduna ga Peter Jatau, ɗan ƙasar Bajju. A 1995 Kafanchan ta sami nata bishop, Joseph Bagobiri, wanda ya rasu a 2018, aka naɗa Julius Kundi a 2020. Ɗan Anchuna, Matthew Hassan Kukah, ya zama bishop na Sakkwato a 2011. Yanzu ma ruwa ya juya, majami'un Ailan ne ke ƙarancin limamai, fada-fada 'yan Nijeriya ke zuwa suna riƙe musu coci-coci.

Waɗanda suka zauna a gaban fada-fadan farko a aji sun haura shekara 80, kullum raguwa suke yi. Da yawansu suna nan tare da 'ya'yansu a Ikko da Badun, wasu kuma sukan zo taron ƙungiyar gari ranar Lahadin ƙarshen wata, a ba su kujerar gaba, a tattauna kuɗin kai gawa gida da na gyaran rijiya, a tashi ba wanda ya tambaye su sunan fadan da ya fara kafa makaranta a ƙauyensu, ko wane dattijo ne ya ba da filin.