Noman Inabi a Yankin Potiskum: Zaɓen Iri da Lokacin Aski

Manoma da dama sun ɗauka inabi amfanin ƙasar Turai ne kawai. Gaskiya ne fitattun wuraren nomansa, irin su Bordeaux a Faransa da Tuscany a Italiya, ƙasashe ne masu sanyi. Amma ana nomansa sosai a Nashik ta Indiya, inda ake damina da rani kamar namu, kuma a nan gida manoman Kudan da Hunƙuyi, kusa da Zariya, suna kai shi kasuwa. Manomin Potiskum da ke da rijiyar burtsatse ko wani ruwa mai ɗorewa har ƙarshen rani zai iya gwadawa.

Zaɓen iri

Inabi iri-iri ne, kuma ba kowanne ne na ci ba. Cabernet Sauvignon da Merlot, waɗanda Bordeaux ta yi suna da su, don giya ake shuka su: 'ya'yansu ƙanana ne, ɓawonsu da kauri, ga ƙwallaye. Duk daɗin sunansu, ba su da mai saye a kasuwanninmu. Abin da manomi zai nema shi ne inabin ci, kamar Thompson Seedless, kore marar ƙwallo wanda ake busarwa a yi zabibi, ko Anab-e-Shahi mai manyan 'ya'ya, ko Cardinal mai ja. Ba a shuka ƙwallo, domin ba lalle ya gaji uwarsa ba. Reshe ake yanka, mai kaurin fensir da ido uku ko huɗu, daga itacen da aka ga 'ya'yansa da ido. Wanda ya sayi dashe a bakin hanya bai san uwarsa ba, sai bayan shekara biyu zai gane abin da ya saya.

Lokacin aski

Nan ne aikin yake. A Turai sanyi ne ke sa inabi ya zubar da ganye ya huta, sannan ya yi toho gaba ɗaya. A wurinmu sanyin hunturu bai kai haka ba, saboda haka itacen zai yi ta yaɗo ba tare da 'ya'yan kirki ba, sai an datse rassansa. Ma'ana, almakashin manomi ne ke tsayar da ranar girbi.

Daga aski zuwa nuna ana ɗaukar wata huɗu zuwa biyar. Damina a Potiskum takan ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Idan aka yi aski a Oktoba, fure zai fito cikin busasshiyar iska, a yi girbi a Fabrairu ko Maris, kafin zafin Afrilu da kan wuce digiri 40 ya ƙone 'ya'yan. Bayan girbi a sake datsewa, a bar ido ɗaya ko biyu a kowane reshe, don itacen ya fitar da sababbin rassan da za su yi 'ya'yan baɗi. Haka manoman Nashik ke yi.

Kada kwaɗayin girbi biyu ya sa a nemi 'ya'ya da damina. Laima na kawo funfuna a ganye, ruwa kuma na fasa 'ya'yan. Ko ganyen kansa yana bukatar feshi a lokacin. Maganin da aka daɗe ana amfani da shi, haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa, a gonakin Bordeaux aka gano shi wajen 1885.

Sauran kulawa

A kafa rumfa mai ƙarfi da ƙarfe da waya, domin gara ba ta barin itace. Taki ba ya wuya a garin da ke da babbar kasuwar shanu, sai dai a tabbatar ya ruɓe sarai, don ɗanye gara yake kira. A rage ban-ruwa idan 'ya'ya sun fara laushi, a kuma rufe su da raga saboda tsuntsaye da jemagu. Inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi kamar mangwaro, saboda haka a ɗanɗana na can ƙasan nonon kafin a yanka.