Ƙasusuwan Duba na Anyang da Tarihin Daular Shang ta Ƙasar Sin

Gabatarwa

Manazarta tarihi sun sha yin saɓani a kan inda tarihi ya tsaya da inda almara ta soma. Wannan maƙala za ta duba yadda abubuwan da aka tono daga ƙasa suka raba irin wannan gardama a ƙasar Sin.

Asalin Gardamar

Wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), wani marubucin fada mai suna Sima Qian ya jera sunayen sarakunan daular Shang. To, amma tsakaninsa da faɗuwar daular akwai kusan shekara 1,000, kuma babu wata shaida daga zamanin sarakunan kansu. Saboda haka aka sami masu shakkar ko an taɓa yin daular ma.

Gano Ƙasusuwan

A shekarar 1899 wani malami a birnin Beijin, Wang Yirong, ya lura da rubutu a jikin wasu tsofaffin ƙasusuwa waɗanda masu magani suke dakawa suna sayarwa. Da aka bi sawu, sai aka tarar manoman ƙauyen Xiaotun, kusa da Anyang a lardin Henan, su ne suke haƙo su a gonakinsu.

Allon kafaɗar shanu ne da ƙoƙon cikin kunkuru, waɗanda 'yan duban sarki suka yi aiki da su. Akan yi wa ƙashin 'yan ramuka, a ɗora masa wuta har ya tsage, sa'an nan a fassara tsagar. Bayan haka sai a zana tambayar a jikinsa, ko a kan ruwan sama ce, ko girbi, ko yaƙi, ko haihuwa. A shekarar 1917 Wang Guowei ya nuna cewa sunayen sarakunan da ke kan ƙasusuwan sun dace da yawancin jerin Sima Qian. An fara tono na ilimi a Anyang a 1928, aka tabbatar nan ne babban birnin daular na ƙarshe.

Kabarin Fu Hao

A shekarar 1976 aka gano kabarin Fu Hao, matar Sarki Wu Ding, ɓarayi ba su taɓa shi ba. An sami kayan tagulla da makamai da wuri kusan 7,000 a ciki. Ƙasusuwan duba sun nuna cewa ta jagoranci mayaƙa zuwa fagen fama, alhali littafin Sima Qian bai ambace ta ba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa ƙasa ta gaskata marubucin, ta kuma fito da abin da bai rubuta ba. Don haka bai kamata manazarci ya yi watsi da labarin da aka gada ba, bai kuma kamata ya ɗauka cewa ya ƙunshi kome da kome ba.