Kwana Huɗu A Fushkar, Garin Da Ba A Yanka Ko Kaza

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya a Maraɗi ko Katsina zai ɗauka ƙasar ba komai cikinta sai rawa da waƙa da manyan benaye. Mu ma da wannan tunanin muka sauka Delhi a watan Nuwamban 2023, inda muka raka wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ganin likita. Da aka ba shi hutun mako guda, sai muka hau jirgin ƙasa, tafiyar kimanin awa bakwai, zuwa Ajmir ta jihar Rajastan, domin ziyartar kabarin Shehu Mu'inuddin Cishti wanda ya rasu a 1236. A can ne muka ji labarin ana cin kasuwar raƙuma a bayan dutse, a wani ɗan gari mai suna Fushkar. To, Bahaushe ya ji kasuwa, ai ba sai an yi masa jagora ba.

Tsakanin Ajmir da Fushkar bai wuce kilomita 15 ba. Garin ƙarami ne, domin ƙidayar 2011 ta nuna mutanensa sun ɗan haura 21,000, kuma ya kewaye wani tafki da mabiya addinin Hindu ke girmamawa, mai mashigai 52 inda suke sauka wanka. Ba a kusantar ruwan da takalmi. Saboda wannan alfarmar ce ba a sayar da nama ko ƙwai ko giya a cikin garin. Kwana huɗu muka yi ba mu ga mahauci ko mai tsire ba. Abincinmu gurasa ce da miyar wake iri-iri, sai wata waina da suke jiƙawa da ruwan sukari, mai suna malfuwa. Ɗan'uwan namu tun a rana ta biyu ya fara mafarkin kilishi.

Gari na wayewa masu madara ke shigowa daga ƙauye bisa babura, sun rataya garwa hagu da dama, kuma baburan da kekunan adaidaita sahu duk irin waɗanda ake kai mana ne, na kamfanonin Bajaj da TVS. Mai shayi yana dafa ganyen cikin madara da citta, ya zuba maka a ɗan kofin yumɓu, in ka shanye ka jefar. Shanu kuwa su ne masu gari. Saniya za ta kwanta a tsakiyar lungun kasuwa, mai babur ya yi ta hon har ya gaji ya kewaye ta, ba wanda zai ɗaga mata sanda.

Abin da ya ba mu mamaki a wajen ciniki shi ne biyan kuɗi. Hatta mai sayar da fure a bakin hanya tana da ɗan kwali mai zanen baƙi da fari. Mai saye ya haska shi da waya, nan take kuɗi sun shiga asusunta, wata 'yar na'ura ta faɗi adadin kowa na ji. Tsarin, wanda suke kira UPI, an fara shi ne a 2016, shekarar da gwamnatinsu ta soke takardun rupi 500 da 1,000 dare ɗaya. Wanda ya sha wahalar canjin naira a farkon 2023 ya san irin wannan dare. Mu da ba mu da asusu a can, da tsaba muka riƙa biya, muka kuwa sha jiran canji.

Amma inda muka fi daɗewa shi ne kara, a kan rairayin da ke gefen gari. Nan makiyaya 'yan ƙabilar Raika, masu jan rawani da dogon gashin baki, suka durƙusar da raƙumansu, an yi musu aski mai zane, an ɗaura musu ƙararrawa. Mun zaga, mun duba haƙori da ƙafa kamar yadda ake yi a Mai'aduwa, sai dai mun lura mai ɗaukar hoto ya fi mai tayi yawa. Cinikin da ke tafiya na dawakin Marwari ne, masu kunnuwan da suka lanƙwaso ciki.

Wani dattijo makiyayi, ta bakin tafinta, ya warware mana zare da abawa. A 2014 jihar ta ayyana raƙumi a matsayin dabbar da take alfahari da ita, a 2015 kuma ta kafa dokar hana yanka shi, da hana fitar da shi daga jihar sai da izinin hukuma. An yi ne don a kare shi. Sai fataken da ke zuwa daga wasu jihohi suka ja baya, farashi ya faɗi, ga tarakta da mota sun riga sun karɓe aikin noma da dako. Ƙidayar dabbobi ta nuna raƙuman Indiya sun ragu daga wajen 400,000 a 2012 zuwa kimanin 250,000 a 2019. A ganinmu dokar ba ta yi shawara da kasuwa ba, domin makiyayi ba ya kiwon abin da ba zai iya sayarwa ba. Mutanen Jibiya da Ɗan Isa da suka ga rufe iyaka a 2019 da 2023 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Dattijon ya zo da raƙuma shida, tafiyar kwanaki a ƙafa. Ranar da za mu koma Ajmir mun sake bi ta wurinsa mu yi sallama, muka tarar ya sayar da guda ɗaya, ga wani mai ɗaukar baƙi a keken raƙumi, yana kuma ɗaure kayansa zai kora biyar ɗin gida.